Daga Hura Zuwa Shinkafa: Tarihin Akushin Sallah a Ƙasar Adar da Ƙonni



A shirinmu na makon jiya mun yi wata tambaya da munka ɗauka ƙarama ce: mene ne abincin Sallah na ainihi a ƙasarmu? Sai ga waya ta ƙi hutawa. Samari da ƴan mata sunka ce shinkafa da miyar tumatir da kaza, wasu sunka ƙara da makaroni da kuskus da gato. Tsofaffi sunka ce a'a, masa ce da miya, ko tuwo mai man shanu da nama. Lokaci ya ƙare ba mu raba gardama ba, shi ya sa munka yi alkawarin kawo maganar a rubuce. Abin da munka gano shi ne kowa na da gaskiyarsa, don akushin Sallah bai tsaya wuri guda ba. Duk wata yunwa da anka yi, duk wata rufe iyaka, duk wata faɗuwar kuɗɗi, sai da ta bar alamarta cikin tukunyar gidajenmu.

Bari mu fara daga tushe, wato hatsi, wanda mutanen kudu ke ce wa gero. Masu binciken kayan tarihi sun samu alamar noman hatsi a kwarin Tilemsi, arewacin Mali, mai shekara kusan 4500. Ke nan ba wani ya kawo muna shi ba, nan yankin Sahel anka horar da shi. Matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, da ya ratsa ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wani abin sha da anka ba shi, na hatsi dakakke da anka dama da ruwa, anka sa zuma ko nono. Duk ɗan Adar da ya ji wanga bayani ya san ƴar uwar hura ce. Shekara ɗari biyar bayansa, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya bi ta Agadas a 1850, ya shiga Tasawa da Katsina da Kano a 1851, ya je Sakkwato a 1853, shi ma hura da tuwo ya riƙa iskewa a hanya.

Haka kakanninmu sunka rayu: hura da rana, tuwo da dare, ɗumame da safe. Amma kafin hura ta kai bakin mai gida a gona, duba aikin da ke ciki. A ciro dami daga rumbu, a sussuke, a sheƙe, a surfe, a bakace dusa, a wanke, a daka, a tankaɗe, a cura, a dafa, a sake kirɓawa cikin turmi har ta zama dawo, sannan a dama da nono. Tun kafin kiran assalatu ake jin taɓarya a gari. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san da wagga ƙara yake farkawa.

Miya kuma daga daji da bayan gida take fitowa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, lalo, yakuwa. Abin ɗanɗano shi ne daudawa, kuma a wajenmu daudawar batso ta fi yawa, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, don itacen ɗorawa mai ba da kalwa ya fi son kudu. Yinta aikin kwanaki ne: a dafa ƴaƴan su daɗe bisa wuta, a rufe su su ruɓa, a daka da ruwan toka, a sake rufewa, sannan a shanya. Sai gabu na ganyen albasa, sai kanwa, sai gishirin da ayarin raƙuma ke kawowa daga arewa, sai man shanu da nono daga rugar Fulani, sau da yawa ma ba da kuɗɗi ba, musaya ake yi da hatsi.

To, me ya raba ranar Sallah da sauran ranaku a wancan zamani? Kayan dai kusan su ne na kullum, sai dai a ƙara musu aiki da maiƙo. Hatsin da ake tuwo da shi, shi za a jiƙa, a niƙa, a bar ƙullu ya kwana ya tashi, da asuba a ɗora tanda a soya masa. Tuwon da ake ci da miya ba nama, ran Sallah sai ya samu nama da man shanu har ya kwanta bisa. Shinkafa akwai ta, amma baƙuwa ce mai daraja, daga fadamun Sakkwato da Kabi ko bakin kogin Isa ake kawo ta. Gidan da ya samu tiya guda, ajiye ta yake yi don Sallah ko don babban baƙo. Alkama ma haka, kaɗan ake nomawa a garake lokacin ɗari, shi ya sa funkaso da alkaki sunka zama abin biki. Alkaki sai an ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da abin tsami ta kwana, a naɗe, a soya, a tsoma cikin zuma. Nakiya kuma garin shinkafa ne ake soyawa, a kirɓa da zuma da man shanu da kayan yaji, tana yin watanni ba ta lalace ba. Su ne kan gaba cikin garar amarya, kuma ba kowace mace ta iya su ba. A kowace unguwa akwai tsohuwa ɗaya ko biyu da ake kira.

Abin da ya fi abincin kansa muhimmanci shi ne yawon da yake yi. Da an sauko daga idi, yara za su ɗauki akushi da kwano, wanga na gidan kaka, wanga na surukai, wancan na liman, wancan na maƙwabcin da matarsa ta rasu. Kwano ba ya dawowa wofi. Kafin azahar gida guda ya ɗanɗani hannun mata biyar ko shida.

Sallar Layya kuwa tana da nata tsari, wanda har gobe muke riƙe da shi a Nijar. A yanka rago, a feɗe, a buɗe shi bisa itace biyu a gicciye, a jera ragunan unguwa kewaye da wuta guda su yini suna gasuwa. Ranar farko kayan ciki ake soyawa a ci. Washegari ake rabon nama, sauran mata su soye shi sarai cikin kitsensa, a zuba a tukunya a rufe. Kafin zuwan firiji, wagga dabara ce ke sa naman layya ya kai watanni yana gyara miya. Wutsiyar rago kuma a ajiye ta sai daren cika-ciki cikin watan Muharram. Babu abin da ake zubarwa.

Kada dai mu ɗauka duk abin da ke cikin tukunyar kakanninmu ɗan asalin nan ne. Barkono, tumatir, masara, rogo, gujiya, dankali, duk daga nahiyar Amurka sunka fito, kuma ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Yau wa zai ce yaji baƙo ne? Wa zai ce ƙuli-ƙuli ba namu ba ne? Albasa ma daga gabas ta zo tun da daɗewa, amma manoman kwarin Maggiya sunka riƙe ta, sunka zaɓi irinta shekara da shekaru, har ga shi albasar Galmi da sunan garinmu ake sayar da ita a Abijan da Akara da Kwatano. Ku riƙe wanga batu, za mu dawo kansa: waɗanga baƙi duka gona sunka shiga, shi ya sa sunka zama ƴan gida.

Canji mai girma ya faro ne da zuwan Nasara. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa. Bayan haka Faransa da Ingila sunka yi ta ja da gyaran iyaka, a 1898, 1904 da 1906, har Ƙonni ta faɗo hannun Faransa, Sakkwato ta zauna hannun Ingila. Hanyar da shinkafa da goro da kalwa ke bi su zo muna, wadda dabbobinmu ke bi su tafi, ta wayi gari da duwan a tsakiya. Ga Illela ta Nijar, ga Illela ta Najeriya dab da Ƙonni, harshe guda, tuwo guda, amma tun daga ranar abin da za a dafa a gidajenmu ya rataya ga shawarar da ake yankewa a wasu birane masu nisa.

Sai yunwa, wadda ita ce babbar mai canza abinci. A ta 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, daji ya ceci wanda ya tsira: tafasa, yaɗiya, gasaya, da anza, wadda sai an jiƙa ƴaƴanta kwanaki ana canza ruwa kafin ɗacin ya fita. A ta farkon shekarun 1950, garin rogo daga kudu ya shigo da ƙarfi, har mutanen yammacin ƙasar nan sunka sa wa shekarar sunan gari. A farin 1973 zuwa 1974 anka ga abincin taimako cikin buhu, har da jar dawa daga Amurka, kuma yadda anka tafiyar da rabon taimakon na cikin dalilan da sojoji sunka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani. Daga nan mutanen karkara sunka saba da cin abin da ba daga rumbunsu ya fito ba.

Ta 1984 ita ce iyayenmu sunka fi ba mu labari. El Buhari ake ce mata, don ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya, daga Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Damina ta ƙi, hanyar kudu kuma a toshe. Amma wagga masifa ta haifar da abubuwa biyu masu amfani. Na farko, Kountché ya matsa wa jama'a su kama noman rani. Dama an gina gandun noman Ƙonni, sama da hekta 2000, mai shan ruwa daga madatsan Mozage da Zango bisa Maggiya, inda ake noma alkama da albasa da masara lokacin ɗari. Garake sunka yawaita a kwarurruka, har da namu na Badagishiri. Salati, shu, karoti, tumatir ɗanye, zogale mai yawa, duk sunka shiga kwanon talaka, dambu da kwaɗo sunka samu abokan tafiya. Na biyu, a 1989 wani shiri na FIDA ya kai manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, sunka ga yadda ake gina ramu a faƙo, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki. Sunka dawo sunka gyara tassa tamu ta gargajiya a kan haka. Faƙon da ko ciyawa ba ya fiddawa ya koma ba da hatsi, har mutane sunka fara sayen faƙo da kuɗɗi a kewayen Badagishiri.

Cikin shekarun nan ne kuma butik ya shigo rayuwarmu. Mazan Adar sun daɗe da sanin hanyar bida, kuma mai dawowa daga Abijan ko Legas ba kuɗɗi kaɗai yake kawowa ba, har da sabon baki. Ya saba da burodi da shayi da safe, ya saba da shinkafa kullum. Kuɗɗin da yake aikowa gida ba sa sayen dami, buhu suke saye. Shinkafar Tailan da Indiya da Pakistan ta cika kasuwa. Fulawa ta kawo fanke da cin-cin da gato, sukari ya kori zuma daga alkaki, tumatirin gwangwani ya rina miya ja. Dunƙulen Maggi, wanda wani kamfanin ƙasar Suwis ya fara yi a 1908, ya zauna inda daudawar batso take zama. Sannu a hankali shinkafar da ake jira shekara guda ta zama abincin Talata da Laraba, hatsi kuma ya fara zama abin da ake jin kunyar ba baƙo.

A nan sai mu yi adalci, don mun ji wasu maza a waya suna cewa matan yanzu ragwaye ne. Wanda bai taɓa riƙe taɓarya awa uku ba, bai kamata ya faɗi haka ba. Shinkafa ba ta son surfe, ba ta son niƙa, cikin ƙasa da awa guda ta nuna, kuma ba ta cin itace kamar tuwo, ga shi itacen ya yi nisa ya yi tsada. Macen da mijinta ke wajen bida, ita ce gona, ita ce rijiya, ita ce kasuwa, ita ce kai ɗiya lakwal da likita. Injin niƙa, murhun Mai Sauƙi da anka yaɗa a shekarun 1980, da gas da ya ƙaru bayan matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, duk rahama ce gare ta. Yarinyar da a da take yini bakin turmi, yau tana aji. Ba mai hankalin da zai ce a koma baya.

Matsalar tana wani wuri. Barkono da albasa gona sunka shiga, amma shinkafar buhu da fulawa da man jarka a butik sunka tsaya, kuma kullum sai an biya. Mun ga haka a Janairu 1994, da anka karya darajar sefa, faran guda na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle. Mun gani a 2005: ga fara ta cinye gonaki a daminar 2004, ga harajin kashi 19 cikin ɗari da anka ɗora wa kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa sunka rufe birane a watan Maris. Kakanninmu ba za su gane yadda za a yi zanga-zanga don fulawa ba. Mun gani a 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya taɓa alkamar duniya, burodi ya ƙanƙance a hannun mai shayi. Sannan mun gani da idonmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi, manyan motoci sunka yi layi a iyakar Ƙonni, ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A daidai lokacin kuma Indiya ta hana fitar da wani kaso na farar shinkafarta. A watannin nan, gidan da ke da hatsi a rumbu da mace ko namijin da ya san yadda ake sarrafa shi, ya fi kwanciyar hankali bisa gidan da ya dogara ga buhu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To ga abin da ke damunmu. Hatsi bai ɓace ba, ana nomansa, masu bincike ma na aiki a kansa. A 2018 an fito da wani iri mai suna Chakti a nan Nijar, mai saurin nuna, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar hatsi da danginsa. Abin da ke ɓacewa shi ne sanin hannu. Ku ƙirga a unguwarku: mata nawa sunka rage da ke iya daudawar batso tun daga ƴaƴan yakuwa har shanya? Nawa ke iya nakiyar da za ta shekara? Nawa sunka san adadin kwanakin da ake jiƙa anza? Yawancinsu sun haura sittin. Ba a rubuce abin yake ba, ba a lakwal ake koyar da shi ba. Ma'auninsu tafin hannu ne da ido da hanci. Ranar da anka kai ɗaya daga cikinsu makwanci, da abin take tafiya. Kuma tarihin da munka bi yanzu ya nuna muna cewa rufe iyaka da fari ba su gama zuwa ba.

Ba mu ce a bar shinkafa ran Sallah ba, mu ma muna ci, ɗiyanmu na so. Roƙonmu ƙarami ne. A wagga Sallah, kowane gida ya ɗora tukunya guda ta tsohon hannu kusa da ta shinkafa, ko masar hatsi ce, ko dambu, ko tuwon dawa da miyar kuka mai daudawa. A kira inna ko kaka ko gwaggo ta zauna bisa tabarma ta ba da umarni, yara mata da maza su yi aikin. Wayar da kuke karanta wanga rubutu da ita tana ɗaukar murya, ku ɗauki bayaninta, ku tambaye ta wa ya koya mata, da me sunka ci shekarar El Buhari. Ƴan bida, in za ku aiko kuɗɗin Sallah, ku ce a sayi tiyar hatsi da daudawa wajen matan da ke kawowa kasuwar Badagishiri, don in ba mai saye, ba mai koyo. Kuma kada a manta da kwanon maƙwabci, musamman gidan da ba a yi yanka ba.

Wanda ya samu bayani daga tsofaffin gidansu, ya rubuto muna a ƙasa ko ya turo murya, ya faɗi sunan garinsu da sunan abincin yadda ake kiransa a can, don mun lura abu guda na iya samun suna biyu tsakanin Tajaye da Galmi. Za mu karanta su a shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Inda munka yi kuskure, manya su gyara muna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya jiƙan iyayenmu mata da sunka ciyar da mu da ƙarfin damtsensu. Barkanmu da Sallah tun yanzu.